Yadda Ƙungiya Mai Zaman Kanta Za Ta Auna Tsakanin Hayar Ofis Da Mallakarsa A Gusau

Duk ƙungiyar da ta shekara biyar ko shida tana hayar ofis a Gusau, akwai ranar da ɗaya daga cikin amintattu, wato masu riƙe amanar ƙungiyar, zai ce, "Wannan kuɗin da muke zuba wa mai gida, da tuni mun gina namu." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Sai dai lissafin da ake kawo maganar da shi yawanci gurgu ne: a ɗauki farashin gida, a raba shi da kuɗin hayar shekara, a ce cikin shekara kaza gidan ya biya kansa. Wannan lissafi ya bar kuɗin takardu, da na gyara, da hasarar jarin da ya kwanta a gini, kuma bai tambayi wanda yake biyan hayar a halin yanzu ba, ƙungiyar ce ko masu ba ta tallafi. Ga yadda ake yin sa cikakke.

Ku fara da sanin irin kuɗin da ke hannunku

Kafin a kira dillali, akanta ya raba kuɗin ƙungiya gida biyu. Akwai kuɗin aiki, wanda mai tallafi ya bayar da sharaɗi, kamar na ciyar da yara masu tamowa ko na koya wa mata sana'a. Akwai kuma kuɗin ƙungiya na ƙashin kanta: gudummawar mambobi, kyautar da ba a ɗaura mata sharaɗi ba, da ribar wani abu da ƙungiya ke juyawa. Kashi na biyu kaɗai ne ake sayen gida ko fili da shi. Galibin masu tallafi na waje sun yarda a sa haya a kasafin aiki, amma ba sa yarda a sayi ƙasa ko gini da kuɗinsu sai da izini a rubuce. Wanda ya taɓa kuɗin aiki ya sayi fuloti da niyyar zai mayar, ranar da odita, mai binciken kuɗi, ya zo za a ce ya dawo da su gaba ɗaya, sunan ƙungiyar kuma ya ɓaci a wajen sauran masu tallafi.

Daga cikin kuɗin ƙashin kai ɗin ma, a fara ware abin da zai riƙe albashi da hidimar ofis na wata shida. Abin da ya faru a Janairun 2025 ya isa darasi. Gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, ayyukan hukumarta ta tallafi, USAID, suka tsaya cak, ƙungiyoyi da dama suka wayi gari ba kuɗin albashi. A irin wannan rana ƙungiyar da ta kwashe ajiyarta ta zuba a gini tana da rufin kwana, amma ba ta da abin riƙe ma'aikata, kuma gida ba ya sayuwa cikin mako biyu sai an karyar da shi. Abin da ya rage bayan an cire na wata shida shi ne jarin da za ku iya magana a kansa. Idan bai kai rabin kuɗin gidan da kuke so ba, maganar saye ba ta taso ba tukuna.

Sai tambaya ta biyu: shekara nawa kuke da yaƙinin za ku zauna a wuri ɗaya, da ma'aikata kusan adadin na yanzu? Ku rubuta yawan ma'aikata na dindindin, da na kwantiragin da ke tafiya idan aiki ya ƙare, da ɗakunan da ake buƙata, da sito, da wurin ajiye mota. A Zamfara wannan tambaya tana da nauyi na musamman. Aiki na iya kasancewa a Anka ko Shinkafi bana, baɗi matsalar tsaro ta sa a koma Talata Mafara ko Ƙauran Namoda. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, ofisoshi da yawa suka kasa aika ko da rahoto. Saboda haka ofishin reshe a ƙaramar hukuma haya ta fi dacewa da shi kusan a kowane hali. Hedikwata a Gusau ce kaɗai ta cancanci wannan dogon lissafi, ita ma sai idan kuna hangen shekara goma a cikinta.

Shafin haya

Ku buɗe shafi biyu a takarda ko a kwamfuta, kowanne da layi goma, shekara ta 1 zuwa ta 10. Abin da za a biya ko ana haya ko gidan naku ne, kamar albashin maigadi, man janareta, kuɗin intanet da na wuta, kada ku sa shi a ko ɗaya, cika takarda kawai zai yi.

Alƙaluman da ke tafe misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ku maye su da farashin da kuka samo daga dillalai uku aƙalla, a unguwanni daban-daban, domin kuɗin gida a GRA daban, na Samaru ko Tudun Wada daban, na bakin hanyar Sakkwato ma daban.

Mu ɗauka ƙungiya mai ma'aikata 12 ta sami gida mai ɗaki huɗu da falo da fili a naira miliyan 2 a shekara. A shekarar farko akwai la'adar dillali, a ce kashi 10 cikin ɗari, naira 200,000, da kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, a ce 100,000. Sai mayar da gidan kwana ofis: raba falo, ƙarin wayoyin wuta da soket, ƙarafunan taga, fenti, allon suna. A sa miliyan 1.2. Ƙananan gyare-gyare na famfo da makulli da fanka, a sa 200,000 a shekara, wato miliyan 2 cikin shekara goma.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙarin haya. Hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma mai gida ma kasuwa ɗaya yake ci da ku. Idan ana ƙara kashi 25 duk shekara biyu, hayar za ta tashi daga miliyan 2 zuwa 2.5, sai 3.1, sai 3.9, ta ƙare a kusan 4.9 a shekara ta 9 da ta 10. Jimilla miliyan 32.8. Ku kuma sa kuɗin tashi sau ɗaya, domin da wuya a shekara goma mai gida bai ce ɗansa zai yi aure ko zai sayar ba. Sabuwar la'ada, motar kwasar kaya, sake raba ɗakuna, sauya adireshi a takardu da a banki: miliyan 2. Shafin haya ya tashi a miliyan 38.3.

Akwai kuma harajin da ake cirewa daga haya tun kafin a biya, kashi 10 cikin ɗari. Kasancewar ƙungiya ba ta neman riba bai ɗauke mata nauyin cire shi ba. Idan mai gida mutum ne, a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake zuba shi, idan kamfani ne a hukumar haraji ta tarayya, sannan a miƙa wa mai gida shaidar biya. Harajin nasa ne, ba na ɗan haya ba. Amma masu gidaje da yawa ba su san da shi ba, sai su kafe cewa miliyan 2 cif suke so su gani a asusunsu. Idan kuka amince, ainihin hayar ta zama naira 2,222,222 ke nan, kuma cikin shekara goma bambancin ya haura miliyan 3.6. A warware wannan magana kafin a ba da kafin alƙalami, ba ranar biya ba.

Shafin mallaka

Mu ɗauka irin wannan gida ana sayar da shi miliyan 40. Tun a nan akwai gwaji mai sauri: raba hayar shekara da farashi. Miliyan 2 cikin 40 kashi 5 ne cikin ɗari, ma'ana farashin gidan hayar shekara 20 ne. Duk lokacin da wannan adadi ya yi ƙasa sosai da abin da kuɗi ke samarwa idan an juya su, haya tana da araha a wannan unguwa. Idan ya doshi kashi 10, saye ya fara jan hankali.

A kan miliyan 40 ɗin a ɗora la'ada, a ce kashi 5, miliyan 2. Sai lauya, binciken takardu, safiyo, amincewar gwamna, harajin hatimi da rajista. Waɗannan suna sauyawa, don haka ku je ZAGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, ku karɓo jadawalin kuɗin da ke aiki a lokacin, kada ku dogara da faɗar dillali. A misalinmu mu sa kashi 8, miliyan 3.2. Gyaran farko ya fi na gidan haya tsada, domin yanzu kwano da sokawe da tankin ruwa duk naku ne: miliyan 3. Kafin a sa kujera ɗaya, miliyan 48.2 sun fita.

Daga nan sai hidimar shekara-shekara, wadda masu son saye suka fi mantawa da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ware kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na darajar ginin, ban da fili, don gyara duk shekara. Idan fili ya kai miliyan 10, gini miliyan 30, kashi 2 ya kama 600,000 a shekarar farko, kuma da tashin farashi matsakaicinsa zai kai miliyan 1 a shekara. Ba duk shekara ake kashe su ba. Shekara uku za ta wuce ba a taɓa komai ba, sannan iskar farkon damina ta yaye kwano, ruwa ya jiƙa silin da fayil-fayil, a kashe na shekara huɗu cikin wata guda. Shi ya sa ake buɗe masa asusu na daban. Inshorar gobara, harajin fili na shekara da na ƙaramar hukuma, a sa 250,000 a shekara. Hidimar shekara goma ta kama miliyan 12.5.

Jarin da ya kwanta

Nan ne zuciyar lissafin. Miliyan 48.2 ɗin da aka sa a gida, da ba a sa su ba, da suna kawo wani abu. Ƙungiyar da ke gudun riba irin ta banki tana da ma'aunin da ya dace da ita, wato sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci da gwamnatin tarayya ke fitarwa. Na farko da aka fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, wanda aka fitar a 2025 kuma kashi 19.75. Mu rage, mu sa kashi 15. Miliyan 48.2 za su kawo miliyan 7.23 a shekara, wato 72.3 cikin shekara goma, ko da ba a sake juya abin da aka samu ba.

To, a dubi inda kowa zai tsaya a ƙarshen shekara ta 10. Ƙungiyar da ta zauna a haya ta juya kuɗinta tana da uwar kuɗi miliyan 48.2, ta sami 72.3, ta kashe 38.3 a haya. Saura miliyan 82.2. Wadda ta saya tana da gida, kuma ta kashe 12.5 wajen riƙe shi. Idan darajar gidan ta ninka uku ta kai miliyan 120, a cire kashi 5 na kuɗin sayarwa, saura 114, a cire 12.5, ta tsaya a 101.5. Saye ya yi nasara da miliyan 19. Idan kuwa ninki biyu kawai ya yi, miliyan 80, bayan cire-cire ta tsaya a 63.5, haya ta yi nasara da kusan miliyan 19. Inda suke kunnen doki shi ne gidan ya kai miliyan 100, ninki biyu da rabi.

Wannan adadi na kunnen doki shi ne abin da za ku kai gaban amintattu. Tambayar ta tashi daga "haya ko saye" ta koma wadda ake iya bincikawa: shin gida a wannan layi zai ninka biyu da rabi cikin shekara goma? Ku tambayi waɗanda suka saya a unguwar shekara goma da suka wuce nawa suka biya, nawa ake taya irinsa yau. Ku lura fili ne ke tashi, gini tsufa yake yi. Tsohon gida a babban fili kusa da titi ya fi sabon gida mai tayil a lungu saurin daraja.

Abu biyu ne ke karkatar da wannan sakamako, kuma ya kamata a faɗe su ƙarara. Na farko, lissafin ya ɗauka ƙungiyar da ke haya za ta bar miliyan 48 ɗin su yi shekara goma ba a taɓa ba. A zahiri kuɗi a asusu suna da masu nema: motar aiki ta lalace, albashi ya makara, a ce a ɗan ara. Idan kun san amintattunku ba za su iya tsare kuɗin ba, gini ya fi zama ma'ajiya, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi ba abin kunya ba. Na biyu, darajar gida a takarda take. Ƙungiya ba ta cin ta sai ta sayar, in ta sayar kuma sai ta nemi wani wurin zama a farashin ranar.

Wa ke biyan hayar a yanzu?

Idan masu tallafi ne ke ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na hayarku ta cikin kasafin ayyuka, a misalinmu miliyan 23 ke nan daga cikin 32.8 ba daga aljihun ƙungiya suke fita ba. Ku mayar da su shafin haya, 82.2 ta koma 105.2, ta wuce sayen da ya ninka uku. Da kun mallaki gidan, wannan layi na kasafi yakan rufe. Ƙa'idar tallafin gwamnatin Amurka, alal misali, ba ta yarda ƙungiya ta yanka wa kanta haya a ginin da ta mallaka ba. Abin da ake karɓa shi ne ainihin kuɗin riƙe ginin: gyara, inshora, da raguwar darajar da tsufa ke jawowa. Gini na miliyan 30 da aka ƙiyasta zai yi shekara 50, raguwar tasa 600,000 ce a shekara, nesa da miliyan 2. Dabarar a sa gidan da sunan shugaba ko wani kamfaninsa sannan a ba ƙungiya haya ita ma sananniya ce ga masu bincike, kuma tana jawo tuhuma. Ku rubuta wa manyan masu tallafinku biyu ko uku ku tambaya me za su biya idan ofishin naku ne, ku ajiye amsar a fayil.

Ta ɗaya ɓangaren, mallaka na iya kawo kuɗin shiga. Ɗakin taro mai cin mutum 50 ana hayarsa ga masu bita, shaguna biyu a jikin katanga suna iya riƙe asusun gyara. Ku sa rabin abin da kuke tsammani kawai a lissafi, kuma ku tambayi masanin haraji, domin kuɗin da ƙungiya ta samu ta hanyar kasuwanci ba lallai ya shiga cikin rangwamen harajin da take da shi ba.

Idan lissafi ya ce a saya

Sunan da ke kan takarda shi ne abu na farko. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin amintattu, ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020, tana iya mallakar ƙasa da sunanta. Da wannan suna, harafi da harafi kamar yadda yake a takardar rajista, za a rubuta komai. Gidan da aka rubuta da sunan wanda ya kafa ƙungiya "kafin a gyara daga baya", ranar da ya rasu ya shiga cikin gado, kuma magada ba su yi laifi ba idan suka nemi a raba. Dokar ta kuma ce idan aka rushe ƙungiya, kadararta tana komawa ga wata mai irin manufarta, ba a raba wa mambobi. Masu ba da gudummawar saye su san haka tun farko.

Na biyu, a fahimci abin da ake saye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, wanda takardar C of O ke shaidawa, galibi na shekara 99. Mai sayarwa ba zai iya miƙa muku shi ba sai da amincewar gwamna, kuma cinikin da ba a nema masa ita ba kotu na iya ƙin karɓarsa. Takardar da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana nuna an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin wannan. Lauyanku, ba na mai sayarwa ba, shi zai je ZAGIS ya duba fayil: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan a banki ko a'a, akwai bashin harajin fili, shekara nawa suka rage. Mai safiyo kuma ya zo ya auna, ya ga duwatsun iyaka sun dace da taswira. Katangar da ta ci ƙafa uku na hanya ko na maƙwabci, ku za ta faɗo wa.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin haƙuri. A ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, kuma kowane magaji, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari, ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Idan kason mutum ɗaya ake saya a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe.

A leƙa hukumar tsara birane ta jiha, ZUREPB, a tambayi abu biyu: ko gidan yana kan layin faɗaɗa titi ko magudanar ruwa, musamman da yake ana ta aikin sabunta titunan Gusau tun 2023, da kuma ko ana buƙatar izinin sauya shi daga gidan kwana zuwa ofis. Gwamnati na da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da aka gina ce, ga wanda takardunsa suka inganta. A duba bashin wuta a ofishin Kaduna Electric da lambar mitar gidan. A je ganin gidan a watan Agusta idan da hali, ko a dubi gindin katanga: layin danshi da fentin da ya kumbura suna faɗin inda ruwa ke kaiwa.

Biya kuma ta banki, daga asusun ƙungiya zuwa asusu mai sunan da ke kan takarda. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biyan tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani da ƙungiya, ba ta hanyar banki ba. A riƙe wani kaso, ko da kashi 10 ne, sai mai sayarwa ya sa hannu a takardun neman amincewar gwamna. Da zarar ya karɓi kuɗinsa duka, samun sa ya zama aiki.

Gina naku, ko waƙafi

Sayen fuloti a gina a hankali yana rage nauyin farko, amma ana biyan haya da gini a lokaci guda, don haka a sa hayar shekarun ginin a shafin mallaka. A nemi ƙwararren mai ƙiyasin gini ya fitar da adadin kaya dalla-dalla, a ƙara kashi 20 na ko-ta-kwana. Don a ga yadda ƙaramin abu ke cin kuɗi: fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa kusan mita 91 ne, katanga mai tsayin mita 2.4 tana cin bulo kusan 2,200, ban da na tushe, ban da ginshiƙai da rodi da ƙyaure. A tsara aikin yadda kowane mataki zai ƙare a abin da ake iya amfani da shi, ɗaki uku da rufi da banɗaki, maimakon bene mai ɗaki goma da zai tsaya a linta damina uku tana dukansa. Ruwa kuma a yi masa kasafi na musamman. Ƙasan Gusau dutse ya yi yawa, rijiyar burtsatse ba ko'ina take ba da ruwa ba, saboda haka a biya masu gwajin ƙasa kafin a kira masu haƙa.

Idan sai an ci bashi, a sa kuɗinsa a lissafi a madadin kashi 15 ɗin nan. Ma'aunin kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin ijara (banki ya saya ya ba ku haya) da murabaha (banki ya saya ya sayar muku da ribar da aka sani), amma su ma ribarsu tana bin yanayin kasuwa. Ƙungiyar da kuɗinta ke zuwa daga aikin shekara biyu-biyu bai kamata ta ɗauki biyan shekara bakwai ba.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙungiyoyin marayu, makarantu da na jinya ita ce waƙafi. Idan wani bawan Allah ya ba da gida, jarin da zai kwanta babu shi, lissafin ya rage saura gyara da inshora. Amma a rubuta shi da shaidu, a sanar da magadansa yana raye, a fayyace abin da aka yi waƙafin dominsa da wanda zai kula da shi idan ƙungiyar ta daina aiki, sannan a nemi shawarar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kan rajistarsa. A tuna gidan waƙafi ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, don haka kada a rubuta shi a matsayin ajiyar da za a waiwaya ranar matsi.

Idan lissafi ya ce a ci gaba da haya

Mafi yawan illolin haya ana magance su a yarjejeniya. Ku nemi shekara uku zuwa biyar da damar sabuntawa, ana biya shekara-shekara. Yarjejeniyar da ta wuce shekara uku lauya ya yi mata cikakkiyar takarda mai hatimi, a yi mata rajista. A rubuta iyakar ƙari da lokacinsa, misali kada ya wuce kashi 20 duk shekara biyu. A rubuta cewa kwano, katanga, sokawe da manyan bututu na mai gida ne, kuma idan ya yi wata guda bai gyara ba, ku gyara ku cire daga haya da rasit. A sa sharaɗin fita: idan tallafi ya yanke ko tsaro ya tilasta, ku ba da sanarwar wata uku, a mayar muku da kuɗin watannin da ba ku zauna ba. A sa cewa idan an sayar da gidan, wanda ya saya zai mutunta sauran wa'adinku.

Faifan sola, inbata, batura, na'urar sanyaya ɗaki da tankin roba, a jera su da lambobinsu a takarda ta daban cewa na ƙungiya ne kuma za ta cire su. Rijiyar burtsatse da ɗakin maigadi ba sa ciruwa, saboda haka kada a yi su sai mai gida ya amince a rubuce a riƙa cire kuɗinsu daga haya. Idan ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ku nemi rangwamen da ya kai abin da kuɗin shekara ta biyun za su samar a hannunku, wato kusan kashi 15 na hayar wannan shekarar, naira 300,000 a misalinmu. Ranar karɓar makulli a zaga da mai gida ko wakilinsa ɗaki-ɗaki, a ɗauki hoton bango, silin, tagogi da karatun mita, a buga su, ɓangarorin biyu su sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe kwafi ɗaya.